Ƙofar da Aka Rufe wa Gambo Mai Tukwane

Hausari, Potiskum
4 ga Fabrairu, 2023

Yayana Filibus,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, da Anti Damaris da yara, da sanyin Jos ɗin nan da ya mai da kai tsoho tun ba ka kai hamsin ba.

Littafin da kake yi mini gori a kai shekara biyu, yau dai na gama shi. Littattafan rubutu uku ya cika, na ɗaure su a leda na ba Siddiq direba ya miƙa maka da wannan takarda. Ka riƙe su da kyau, don ba ni da wani kwafi. Na kai wa mai na'ura a bakin tasha, ta duba shafi ɗaya ta ce ita ba ta karanta tafiyar tsutsa. Kai kaɗai ka iya hannuna, kai ne kuma mai injin buga littattafai, ka ga ba ka da hanyar gudu.

Labarin wata ƙasa ce da ruwa ba ya sauka sai manzannin Sarki sun ratsa ta sama da fukafukansu. Gambo mai tukwane ta bar ƙauyen masu alamar Sarki a goshi, ta yi aure a hayin kogi, inda ake kiran Sarkin da wani suna. Dodon Fari ya karya wa wani manzo fiffike, ta ɓoye shi cikin randa ta yi jinyarsa shekara bakwai. A ƙarshe ta isa ƙofar birni, mai gadi ya hana ta shiga don goshinta babu alama. Sai Ɗan Sarki da kansa ya fito, da tabon ƙusa a tafin hannunsa, ya kama hannunta ya shigar da ita.

Ba zan ɓoye maka ba, Gambo Mama ce. Ɗingishinta na ƙafar hagu, waƙar yaren Karekare da take yi tana murza yumɓu, duk na sa. Tun da ta rasu bara ban iya yin addu'a da baki ba, da biro na yi ta yi. Na yi wa ƙanwarmu Yakaka, wadda Mama ta haifa wa Mala Bunu, alkawarin kwafin farko, za ta karanta wa babanta tunda idonsa ya yi rauni.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka,
Liyatu Maigandi

Jos
19 ga Fabrairu, 2023

Zuwa ga Liyatu,

Alheri da salama su tabbata a gare ki. Saƙo ya iso, na karanta shi duka cikin kwana uku. Allah ya ba ki baiwa, ban taɓa musun wannan ba. Dodon Fari ya ba Damaris tsoro ƙwarai.

Amma shafuka tara na ƙarshe ba za su fita daga injina ba a yadda suke. Marubuci Kirista ba mai tatsuniya ba ne kawai. Duk abin da ya rubuta koyarwa ce, ko da dodo da fukafukai ya lulluɓe ta. Kin shigar da mace marar alama cikin birni saboda ta yi aikin kirki. Yaran ikilisiya za su karanta, su ce ashe ana iya barin hanya a kuma isa gida. Wannan ba bangaskiyar da Baba ya yi shekara arba'in yana wa'azinta a ƙauyuka a kan keke ba ce.

Kina da shekara biyar lokacin da ta bar Baba ta tafi, ni ina da goma sha biyu. Ni na ga Baba yana dafa mana tuwo da hannunsa, matan zumuntar ikilisiya suna leƙowa. Matar Mala Bunu ta zaɓi mijinta, ta zaɓi addininta, babu wanda ya kore ta. Ranar da ta mutu kuma, kina gidan. Kin san al'adarsu, kin san ba sa jira da gawa, amma ba ki buɗe baki kin roƙi ko awa uku ba. Na iso da la'asar na tarar da tabarmi da mutane suna shan ruwa. Ko fuskarta ban gani ba.

Ki sake ƙarshen, ki bar ƙofar a rufe. Zai fi ban tausayi, zai kuma zama gaskiya.

Naki cikin hidimar Ubangiji,
Filibus Maigandi

Hausari, Potiskum
27 ga Fabrairu, 2023

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida gida. Takardarka ta ɓata mini rai, gara in faɗa maka tun daga sama.

"Matar Mala Bunu" ka ce. Ita ce dai ta haife ka, ko ka manta? Wata takwas tana kwance a unguwar Bolewa, ni da Yakaka muna juya ta, muna wanke ta, sau ɗaya ka zo, ka zauna a bakin ƙofa da takalminka a ƙafa kamar mai jiran mota. Yanzu fuskarta kake kukan ba ka gani ba. Ranar nan na roƙa. Mala Bunu ya jira har azahar saboda kai, 'yan'uwansa suna ta yi masa magana. Kai ne ka tsaya sai ka sallami masu katin biki kafin ka taso, Siddiq ya gaya mini.

Ni ban ce na san inda Mama take ba. Kai ma ba ka sani ba, duk da takardar makarantar tauhidi da ka rataye a falo. Abin da na sani shi ne wanda nake bi yana da tabo a hannu, kuma a labarina shi ya fito, ba aikin Gambo ne ya buɗe ƙofar ba. Ka sake karantawa da kyau. Idan bangaskiyata ba ta ba ni damar in yi wa uwata fata ko a takarda ba, to ban san amfanin biro a hannuna ba.

Kwana biyu kafin ta rasu ta ce in rera mata waƙar sujada da take yi mana muna yara. Na rera, Yakaka tana riƙe da carbinta a gefe, ba ta hana ba.

Ba zan canza ko harafi ba. In ba za ka buga ba, ka ba Siddiq littattafaina ranar Laraba, babu faɗa.

Ƙanwarka,
Liyatu

Jos
11 ga Maris, 2023

Liyatu,

Salama. Na karanta, na yi addu'a a kai, na kuma samu kwanciyar rai. Ba sai an mayar da komai ba, zan buga. Ki bar mini sauran aikin. Kafin bikin Ista kwali biyu za su iso miki, sunanki a bango da manyan baƙaƙe. Na naɗe kwafi ɗaya daban da takarda mai kyau saboda alkawarin da kika yi.

Yayanki,
Filibus

Bolewa, Potiskum
13 ga Afrilu, 2023

Yaya Liyatu,

Bayan gaisuwa. Na rubuto ne don ba na son jin muryarki a waya yanzu.

Ranar da kika kawo littafin a naɗe, daga tasha kai tsaye, kina dariya kina cewa ko ke ba ki buɗe ba tukuna, Babana ya sa hannu ya shafa bangon ya sa miki albarka. Kullum bayan la'asar nake karanta masa. Da muka zo inda Gambo ke ɗingishi tana zagin akuyar da ta fasa mata tulu, ya yi dariya har da hawaye, ya ce wannan Hawwa ce sak, wato Mama. Kwana na biyu Goggo Fanna ƙanwar Baba ta shigo, kwana na uku maƙwabta. Wasu sun yi gunaguni cewa littafin Kirista ne. Baba ya ce 'yar Hawwa ce ta rubuta, 'yarsa ce, wanda ba ya so ya tashi.

Ranar ƙarshe tsakar gida ta cika, don na gaya wa kowa abin da kika gaya mini, cewa ƙarshen kyauta ce ga Mama. Da bakina na karanta yadda aka rufe mata ƙofa. Da bakina na karanta yadda ta yi ta bugawa tana kiran 'ya'yanta, suna ciki suna waƙa ba su waiwayo ba, har Dodon ya zo ya ja ta da ƙafar nan mai ciwo. Na yi ta ci gaba ina zaton shafi na gaba zai gyara. Babu shafi na gaba.

Can Baba ya ce, "Ashe abin da ke ran Liyatu ke nan tana ba Hawwa kunu a baki."

Jiya na ji ki a zaure kina kuka kina cewa ba ke kika rubuta ba. Ina so in yarda, Allah ya sani. Amma sunanki ne a bango. Ki kawo rubutun hannunki in karanta wa Baba a gaban mutanen nan. Kafin nan kada ki zo.

Yakaka Bunu

Hausari, Potiskum
14 ga Afrilu, 2023

Filibus,

Gaisuwa, don an koya mana gaisuwa.

Na karanta shafukanka tara. Har salona ka kwaikwaya, har waƙar Karekare ka sa mata a baki tana bugun ƙofa. Ka zauna ka naɗe shi da hannunka, ka san gidan da za shi, ka san wanda za a karanta wa. Ban taɓa sanin ƙiyayyarka ta kai nan ba.

Ba na neman ka ba ni haƙuri. Kwalayen suna ƙarƙashin gado, ko ɗaya ba zai fita ba. Abu ɗaya nake roƙo, kuma ina roƙo ne da gwiwa a ƙasa: littafin rubutu na uku, mai jan bango. Ka ba Siddiq gobe. Shi kaɗai zai sa Yakaka ta sake buɗe mini ƙofa, kuma ita kaɗai ta rage mini da zan zauna da ita mu yi hirar Mama.

Liyatu

Jos
22 ga Afrilu, 2023

Ƙaunatacciyar ƙanwata,

Alheri da salama. Ga littafin rubutu na ɗaya da na biyu nan wurin Siddiq. Na ukun na ƙone shi tun a watan Maris, don kada ya zama abin tuntuɓe ga wani, har da ke.

Kwafin da na riƙe a nan sun ƙare, zan sake bugawa. Kowa ƙarshen yake yabo. Ƙungiyarmu ta marubuta tana gayyatarki a watan Yuni ki yi jawabi kan yadda bangaskiya ke bi da alƙalamin marubuci, na riga na amsa a madadinki.

Yakaka kuwa, ki bar ta ta yi fushinta. Ta dai ji gaskiya, kuma daga wurinki ta ji.

Damaris da yara suna gaisuwa.

Yayanki cikin Ubangiji,
Filibus Maigandi