Liman Ya Ja Jirgina

Ƙaura Namoda, daren Laraba, Maris 2000

Murna ta hana ni barci! Tun da aka fara shari'ar Musulunci nake ɓoye jirgin ƙasan da na haɗa da gwangwanin madara da karan dawa, don maƙwabcina Isa ya ce ƙera irinsa haramun ne, farfasa shi za a yi. Na daɗe ina aikinsa in na taso daga shagon ɗinki. Tashar Ƙaura ce sak, har da tankin ruwa, yadda na san ta muna yara, muna rugawa kallon jirgin gyaɗa.

Yau bayan la'asar sai ga Malam Sani, limaminmu, ya yi sallama, Isa na biye da shi. Ya ce in nuna masa jirgin. Na yaye tabarmar da na rufe shi da ita.

Malam ya tsuguna, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Isa, wanga abu yana da rai?" Isa ya ce a'a. "To, ina haramcin?" Da kansa ya kama zaren da na ɗaura wa jirgin ya ja, taragu suka bi dogo ƙwaram-ƙwaram, yana dariya har rawaninsa ya karkace. Ashe jirgi ne ya fara kai shi karatu Zariya!

Da zai fita ya ce, "Tela, saura abu guda. Hukuma ta tsai da dogo nan Ƙaura. Kai ka kai muna shi garinmu Shinkafi."

Gobe in Allah ya kai mu sai neman kara. Ɗakin nan ba zai isa ba, dole dogon ya fita tsakar gida!