Ban Kira Priscilla Ba

De Waterkant, Cape Town
Fabrairu

Mama Vernon,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar, ta daina kumburin? Yaya Anti Doreen mai kula da ke da jikokinta, da zafin Worcester? Na buga miki waya kina ta "Wa? Wa ke magana?" har na haƙura, shi ya sa na koma takarda. Matar gidan waya ta ga na rubuta Mista Vernon Plaatjies a bayan ambulan, ta ce in gaida Baba. Ni kaɗai na yi ta dariya. Ina za ta san cewa duk wani namiji mai son maza da ya taɓa sauka a unguwar nan da kayansa a leda, Mama yake ce miki, da gemunki da komai?

Kin tambayi gidan abincin Neville. Yana nan, shi kaɗai ya rage mana. Gidan rawar da ke kan kwana ya zama shagon fitilu, na kusa da shi kuwa karnuka ake yi wa aski a ciki, na rantse ba zolaya nake ba. Amma ranar Lahadi har yanzu mutanenmu na cika motocin haya daga unguwannin talakawa na Bonteheuwel da Mitchells Plain, su zo cin shinkafar biriyani da koesister, fanken nan mai kwakwa. Cikin shagon ba ya ɗaukarsu, sai a fito da tebura bakin titi.

Masu sababbin benaye sun kafa kwamiti, sun kai ƙara wai teburan ba su da izini. An riga an ja wa Neville kunne. In aka sake kama tebur a waje, lasisinsa ya tafi. Sai muka farfaɗo da dabararku ta zamanin da ake kama mu: duk wanda ya fara hango hukuma ya ɗaga murya ya ce "Priscilla!", kafin a ankara tebura sun shige ciki. 'Yan zamani ba su ma san cewa sunan 'yan sanda ne a bakinmu ba, har wani ya tambaya ko sabuwar mai girki ce. Neville ya ce masa, "Ke dai ɗauki kujera ki ruga, uwar surutu. In ta kama ki za ki ɗanɗani girkinta."

Akwai maganar da nake ta kewayewa. Na tashi daga unguwar Salt River. Da aka ƙara mini girma a wurin aiki na sayi gida a sabon bene, can sama, barandata na kallon ƙofar Neville. Mama, benen da aka gina a filin gidanki ne, inda kika shimfiɗa mini katifa ranar da mahaifina ya kore ni. Na san mai gida ne ya tashe ki ba ni ba, amma duk safiya sai na ji nauyin abin. Sun kuma sa ni a kwamitin. Na ce wa kaina gara a samu namu a ciki.

Ki riƙa shan maganinki.

Naki,
Denzil

De Waterkant
Maris

Mama,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da ƙafar ta sace, ki yi wa Anti Doreen godiyar ɗawainiya. Takardarki ta iso, na karanta inda kika ce in zauna a gidana lafiya, ƙasa ba ta riƙe fushi. Da kin san abin da na yi da ba ki rubuta haka ba.

Lahadin da ta wuce na gayyaci 'yan kwamiti cin abincin rana. Niyyata su ga taron Neville da idonsu, su ga ba komai ba ne illa tsofaffi da ƙananan kujeru. Shugabar, Madam Rautenbach, ta zo da mijinta, da wani likita da matarsa. Na gasa kifin snoek. Muna baranda, a ƙasa Neville na yawo da ludayi yana yi wa kowa tsiya, har matar likitan ta ce abin gwanin sha'awa.

Sai na hango farar motar jami'an lasisi ta shawo kwana a hankali, ta tsaya a bayan wata motar kaya. Daga ƙasa ba mai ganinta. Ni kaɗai nake ganinta, ni da baƙina. Madam Rautenbach ta ajiye cokali ta ce, "Ku yi haƙuri, dole ce ta sa." Ashe ita ta kira su.

Mama, kalma ɗaya ce. Na buɗe baki, na ji ta a maƙogwarona. Sai na hango kaina, babban ma'aikaci da rigarsa mai guga, yana ƙwala sunan mace daga baranda kamar Denzil ɗin da kika tsinta a tasha. Na ga yadda za su dubi juna, da yadda za a riƙa gaishe ni a matakala daga ranar. Kunya ta kama ni, kunyar muryata da kunyar mutanena. Na tambayi likita ko zai ƙara kifi.

Jami'an suka fito suka ɗauki hoton tebura, da tsoho Cyril mai dogara sanda zaune da farantinsa a cinya. Ba tsawa, ba duka, har gaishe su suka yi. A zamaninku kin sha kulki kina ihun sunan nan don wasu su tsira. Ni ba wanda ya ɗaga mini ko yatsa.

An sa ranar sauraren ƙara. Na fita daga kwamiti, zan je in yi magana a matsayin maƙwabci. Neville ya rungume ni ya ce, "Ashe 'yar bene ba ta manta gida ba." Ban iya dubansa ba. Abinci ba ya shiga, ko labulen baranda ban ƙara ɗagawa ba.

Ki yi mini addu'a, ko ki zage ni, duk wanda kika ga dama.

Denzil

De Waterkant
Mayu

Mamana,

Da fatan sanyin bana bai taɓa ƙirjinki ba. Ina gaida mutanen gida. Ba ki ba ni amsa ba, ban kuma ga laifinki ba.

Na je wurin sauraren ƙarar na yi magana. Na ce wurin nan ne kaɗai mutum zai zo daga unguwar da ake jifansa, ya zauna da rana tsaka ya riƙe hannun wanda yake so. Na ce in an rufe, masu kuɗinmu za su samu wani wuri, talakawanmu kuwa sai ɗaki. Suka saurare ni da ladabi. Sai Madam Rautenbach ta tashi ta ce ba wanda ke ƙin kowa, ai ranar da abin ya faru ma a gidan ɗaya daga cikinmu take cin abinci, kuma bai ce uffan ba. Neville na zaune a gabana. Bai waiwayo ba.

Sun karɓe lasisin. Mai ginin dama jira yake, ya ba wasu masu sayar da kayan ƙawata ɗaki shagon. Sun ce za su bar tutarmu mai launin bakan gizo a ƙofa, wai tana jawo baƙi.

Jiya aka yi Lahadin ƙarshe, a ciki, a tsaye, kamar kifi a gwangwani. Cyril na ta tambayar kowa, "To mako mai zuwa ina za mu?" Na laɓe kusa da ƙofar kicin, sai ga Neville ya miƙo mini faranti.

Na ce, "Neville, ni fa..."

Ya ce, "Ci abinci, yarinya, kin rame kamar tsinke. Kina tsammanin matar can ce ta ba ni labari? Ai na gan ki a baranda ranar. Na ga fuskarki, a fuskar taki ma na gane sun zo."

Na ce to me ya hana shi yin kiran da kansa.

Ya goge hannunsa a tawul ya ce, "Na gaji da guje-guje da tebura, gwiwata ta ƙare. Ko bana ko baɗi sai sun rufe ni. Tsayawa na yi ina kallon sama. So nake in ji sunan nan ya sauko daga benen can sau ɗaya, in san akwai namu a ciki. Na jira ki har suka iso."

Ya juya ya ci gaba da zuba wa mutane. Ni kuma na cinye abincin tas a tsaye, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Zai koma wajen ƙanensa a garin Atlantis. Ya ce in gaishe ki, kuma in gaya miki rufewar nan da bakina, kada ki ji a bakin wani. To ga shi na gaya miki.

Ina so in zo Worcester ƙarshen wata. In kin ce kada in zo, zan gane.

Naki, in har yanzu kina so,
Denzil