Madannan da Yatsuna Suka Saba

Daren Laraba, Gomari

Kwana uku ke nan a sabon aiki, sai yau hankalina ya kwanta. Manhajar da suke rubuta kod da ita ba ita na saba da ita ba. Aikin na sani, yatsuna ne suka ƙi. In na danna madannan da nake kwafe layi da su, sai layin ya goge. Da hantsi hakan ta faru a gaban Ya Falmata, shugabar sashenmu, muna gyara manhajar rajistar marasa lafiya. Kunya ta rufe ni, ga shi har yanzu gwada ni ake yi.

Sai ta jawo kujera ta ce, "Bintu, da wacce kika saba?" Na faɗa mata. Ta shiga saiti ta mayar min da madannan irin na tsohuwar. Ta ce, "Ni ma wata guda na yi ina fama kafin a nuna min."

Kafin la'asar na gama gyaran, ko kallon kibod ban yi ba. Da za mu tashi ta ce gobe in karɓi sashen magunguna, ni kaɗai. Alhamdulillahi.