Shuɗiyar Alkama

Talata da safe

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ya aikin asibiti, ya ƙafar taki? Ki gaishe min da maigidan. Direban motar madara yana waje yana ɗora kaya, minti goma ya ba ni, don haka ki yi haƙuri da rubutun. Wayar kuwa tun da tagwaye suka jefa ta a kwamin shanu ba ta sake numfashi ba.

Yaya, hankalina a tashe yake a kan Auta. Ran Juma'a ina yi mata wanka na ga tabo baƙi-baƙi a cinyarta da damtsenta, irin wanda jini ke kwanciya a ƙarƙashin fata. Na ce faɗuwa ce, yarinyar shekara uku da rabi mai bin awaki. Ran Lahadi ta yi haɓo, sai da muka jiƙe tsumma biyu kafin ya tsaya. Jiya tana cin abinci na ga jini a dasashinta. Ba zazzaɓi, ba kuka, sai dai ta yi laushi, ta daina bin kowa.

Kin san yadda muke a gonar nan. Da sassafe a yi tatsa, a ba kaji, a ɗebo ruwa. Ƙarfe takwas a buga tsohon bakin garmar nan da muka rataye, duk su bakwai su hallara a rumfar bayan ɗakin ajiya. Ni in ɗauki na tsakiya uku a gaban allo, ita kuma babbar, wadda kike tsokana da Malama har sunan ya bi ta, ta ɗauki tagwaye da Auta a kan tabarma. Daga takwas zuwa sha biyu Auta tana hannunta. To ki faɗa min, me zan zata?

A ajin nan babu abin da zai ji wa yaro ciwo. Ko tsakuwa na hana tun da tagwaye suka fasa wa juna goshi da ita. Da alkama suke ƙirga yanzu, wata shuɗiya mai kyau da na tsinta cikin gwangwanin madara a saman katako a ɗakin ajiya, ina jin ragowar irin da Babansu ya ajiye ce. Saboda haka na ce in ba hannu ba, me ya taɓa yarinyar nan?

Na tsare Malama a bayan rijiya. Na ce, "Ke, dukanta kike yi in na juya baya?" Ta ce, "Wallahi Umma ban taɓa ba." Na ce, "To mintsininta kike yi?" Ta yi shiru tana kallon ƙasa, shirun nan ya ƙara tunzura ni. Na faɗa mata maganar da bai kamata uwa ta faɗa ba, na karɓe ajin daga hannunta. Yau kwana biyu ba ta ci abin kirki ba.

Amma Yaya, tun jiya Malama ba ta ko matsa kusa da Auta ba, ga sabon tabo na gani yau a bayanta. Tsoro nake ji. Babansu yana can wurin haƙar rijiya, sai ƙarshen wata. Kamar abin bai ishe ni ba, kaji uku sun mutu a satin nan, kyanwa ma ta ɓace.

Ke ce ma'aikaciyar jinya. Ki rubuto ran Juma'a ta hannun direba, ki faɗa min ko akwai maganin da zan ba ta. Kuma don Allah kada ki fara min da zancen da a ce a makarantar gari suke.

Ƙanwarki

Laraba, ƙarfe bakwai

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa sai mun haɗu. Sai da na shigo aiki yanzu aka miƙo min takardarki, ta kwana a wurin mai gadi. Ba zan jira Juma'a ba. Mai babur ɗin da ya kawo miki wannan maƙwabcina ne, ki amince da shi.

Ki karanta a tsaye. Alkamar nan ba iri ba ce. Maganin ɓera ne. Da gangan ake rina ta shuɗi don kada mutum ya ci. Irinsa ba ya kayar da mutum nan take, sai ya yi kwanaki yana tsinka jini a hankali, har jinin ya kasa tsayawa. Shi ya kashe miki kaji, kyanwar kuma ta ci ɓeran da ya ci. Babu wanda ya doki Auta.

Ki goya ta yanzu ki hau babur. Kada ki tsaya wanka, kada ki tsaya ɗora tukunya. Kada ki sa ta amai, kada ki ba ta maganin ciwon jiki kowane iri. Ki naɗe mata kai da zani, ki ce wa mai babur ya bi ramuka a hankali, don ko ɗan buguwa ba na so ta yi. Ki taho da gwangwanin a ƙulle cikin leda, likita zai so ya gani.

Kafin ki fito ki duba dasashin tagwaye da jikinsu. In kin ga tabo ko ɗaya, a taho da su. Kuma ki tambayo min abu biyu: yaushe aka fara ƙirga da ita, kuma nawa Auta ta ci. Likita ya ce da wannan zai san yawan maganin da zai ba ta.

Ba zancen makaranta zan yi miki ba. Ki kawo min yarinyar kawai. Ina bakin ƙofa.

Yayarki

Laraba

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ladabi. Umma tana goya Auta, ni kuma na ba mai babur wannan a ɓoye ya ba ki hannu da hannu. Umma ta tambaye ni nawa Auta ta ci, na kasa buɗe baki a gabanta. Amma na sani, Inna. Na yage shafin daga littafin ajina, ga shi a ciki.

Kullum da safe ina ba kowane yaro ƙwaya ashirin a murfin kwalba. In an tashi, kowa ya ƙirgo min nasa ya dawo da shi, in rubuta. Tagwaye ashirin suke dawowa da ita cif, don gasa suke yi. Na duba bakinsu, ba komai. Auta ce kullum nata ba ya cika. Rana ta farko sha bakwai, wata rana sha biyu, akwai ranar da tara kawai ta kawo. Kwana goma sha ɗaya muka yi da alkamar. Na haɗa abin da ya ɓace, ƙwaya saba'in da huɗu. Wasu na san sun zube kaji sun tsince, amma ba duka ba.

Ni na zaci ƙirgan ne ba ta iya ba, tana zubarwa. Umma takan leƙo ta duba murafen, kuma na san in ta ga na Auta a rage za ta ce ta yi ƙanƙanta, a fitar da ita daga aji. Auta kuwa in aka ce ta fita kuka take yi kamar ranta zai fita. Sai nake cika mata daga gwangwani kafin Umma ta iso. Da hannuna nake ƙara mata, Inna, kullum.

Sau ɗaya na ga harshenta ya yi shuɗi, na zaci allin kala ta lasa, na goge mata da gefen mayafina.

Shi ya sa na yi shiru a bayan rijiya. Ban doke ta ba, amma na san akwai abin da nake ɓoyewa. Don Allah ki nuna wa likita shafin. Kuma in wani abu ya faru, ke ki rubuto min da kanki, kada a ce min tana samun sauƙi alhali ba haka ba ne. Na girma, zan iya ji.

'Yarki, Malama

Alhamis da yamma

'Yata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da ƙannenki. Direba zai kawo miki wannan gobe.

Kin roƙi gaskiya, ga ta. Mun iso, amma a hanya haɓon ya dawo, har ya jiƙe min baya. An yi mata allurar da ke sa jini ya kama, an ɗebi jinina an ƙara mata. Tana kwance, ta yi fari fat, ba ta magana. Likita ya ce sai an ga yadda kwana biyun nan za su wuce. Na tambaye shi ko za ta tashi, ya ce suna iya ƙoƙarinsu. Ban ji daɗin amsar ba, kuma tsoro bai sake ni ba ko na minti ɗaya.

Innarki ta ba ni takardarki bayan likita ya gama da shafin. Kada ki ji haushinta. Ya ce a duk aikinsa ba a taɓa kawo masa yaro da rana da adadi a rubuce haka ba, kuma da shafin nan ya auna maganin.

Yanzu ki saurare ni. Babanku ya juye guba a gwangwanin madara bai rubuta komai a jiki ba. Ni na hau kujera na sauko da ita, na ce kyakkyawa ce, na miƙa miki. Ke abin da kika yi, kin rufa wa ƙanwarki asiri don kada a kore ta. Ni kuma na tsare ki a bayan rijiya na kira ki muguwa. Ki yafe min. Ban taɓa roƙon ɗana gafara ba, ban ma san yadda ake yi ba, amma ki yafe min.

Ku share rumfar tas, ku ƙone tabarmar, ku binne kajin da zurfi. Ki ci abinci. In ba ki ci ba tagwaye za su faɗa min, kin san bakinsu ba ya riƙe magana.

Ummanku

Litinin

Malama,

Gaisuwa mai yawa. Jinin ya tsaya tun Asabar. Za ta yi makonni tana shan magani, amma likita ya ce Juma'a mu tafi gida.

Yau da safe ta kama hannuna ta ƙirga yatsuna, ta kama na Innarki ta ci gaba, har ashirin, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ashe ta iya tun tuni. Ta ce in faɗa wa Malama nata ya cika.

Ki buga garma ƙarfe takwas. Ajinki ne.

Umma