Muryar Babanka a Cikin Akwati

Zuwa ga ɗana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da aiki. Mu nan sai godiya. Babanka yana nan yadda ka bar shi tun da shanyewar jikin nan ta riƙe masa harshe: ido na magana, baki shiru, yatsa ɗaya ke motsi.

'Yarka kuwa, Uwar Wayoyi, ta mayar mini da falo shagon gyaran rediyo. Wai malaminsu na jami'a ya ce bana babu jarrabawar takarda. Kowane rukuni ya nemo mai matsala, su ƙera masa na'ura da hannunsu, ta yi aiki a gaban malam. Ita da abokanta, Dogo da Mai Gilashi, duk faɗin garin nan ba su ga kowa ba sai mijina.

Ɗana, na ga ikon Allah. Wani ɗan allo ne kore, bai kai tafin hannuna ba, da hanyoyi a jikinsa kamar gari. Suna jera masa wasu 'yan ƙwayoyi da hantsaki, suna ɗiga dalma, hayaƙi na tashi. Ranar da Dogo ya sa batir a baibai, abin ya yi tas, har kyanwata ta yi hijira. Suka kwance, suka sake. Ni da na ɗauka yaran yanzu latsa waya kawai suka iya!

Abin da suka ƙera zobe ne a yatsan babanka, da akwati mai fitila tana zagaya kalmomi. In ta zo kan wadda yake so, sai ya danna zoben, akwati ya faɗa. Ya kuwa yi aiki. Sai dai muryar da suka sa ta inji ce, siririya, kamar ta mai sanarwa a filin jirgi. Mutumin da gyaran muryarsa kaɗai ke watsa yaran layi, wai shi zai roƙi ruwa da muryar budurwa! Ya runtse ido, ya lanƙwashe yatsan, ya ƙi. Malamin nasu ya ce na'urar da mai ita ya ƙi, tarkace ce.

Maki nasu ne. Ni so nake in ji abin da ke ran tsohon nan. To kai ka kwaso muryarsa kaf, har a waya nakan rikice. Yarinyar za ta turo maka kalmomin, ka karanta mata, ta ɗauki muryarka ta sa a akwatin. Ka buɗe maƙogwaro, ban da muryar ofis.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifiyarka

Zuwa ga ɗana,

Ina gaishe ka, ina gaida maiɗakinka. Lafiya lau muke, sai abin mamaki.

Malamin ya zo har gida, ya tsaya a ƙofar ɗaki rungume da hannu. Aka sa wa babanka zobe. 'Yarka ta jiƙe da gumi. Fitila na ta zagaye, tsoho ko gezau.

Da na ga shirun zai kashe yaran, sai na shiga yi wa malam bayanin taurin kan mijina, tun daga ranar da ya ƙi tambayar hanya muka wuni muna yawo. Ina cikin zuba, sai na ga ya buɗe ido yana bin fitilar. Ta wuce "ruwa", bai danna ba. Ta wuce "na gode", bai danna ba. Can sai yatsan ya motsa, ɗakin ya cika da muryar da na yi kewa:

"Kin cika surutu."

Na zauna bakin gado. Dogo ya fashe da dariya, malam ya cire hula yana jinjina kai, 'yarka ta durƙusa tana kuka. Shi kuwa gogan, rabin bakinsa mai motsi sai murmushi yake.

Ashe munafukar 'yar nan taka ce ta saka wannan a cikin kalmomin, kai kuma ka karanta da iya ƙarfinka. Zan gamu da ku. Amma har yanzu nakan ɗauki akwatin in jujjuya. Dalma da 'yar waya kamar zaren ɗinki, su ɗauko magana daga cikin mutum su miƙo ta waje! Kuma jikata ce ta haɗa.

An ce sun ci. Ni dai tun ranar da gangan nake ƙara surutu, in zauna kusa da shi in yi ta zuba, ina satar kallon yatsan.

Ka gaida kowa. Allah ya tsare.
Mahaifiyarka, kakar injiniya