Kwalbar Itanol

Zuwa ga Abban Ihsan,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya Zariya, yaya karatun? Mu lafiya lau, Ihsan ta fito da haƙori. Na je Katagum na gaida Hajiya, ƙafar da sauƙi.

Na ba direba wannan takarda ne don a waya sai in ji muryarka in kasa faɗa. Na faɗi gwajin kemistiri na ranar Talata a kwaleji.

An ba mu wani sinadari mai buromin, aka ce mu dafa shi da sodar da aka narka a ruwa. A cikin ruwa, ɓangaren sodar yakan shiga gurbin buromin, ya zama musanya. Ni kuwa na ɗauko sodar da aka narka a itanol, wato barasar ɗakin gwaji, don kwalaben iri ɗaya ne. Kuma ba zan ɓoye maka ba, hankalina yana kan littafin soyayyar da ke cikin jakata, jarumar tana tasha ba ta san ko masoyinta zai zo ba. Da haɗin ya yi zafi sai iska ta riƙa fita. Malaminmu, Malam Ya'u, ya bi da ita ta ruwan buromin, launin ya ɓace. Ya tara aji a kaina ya bayyana cewa a itanol soda fizgar haidurojin take yi, buromin ya fita, babu mai maye gurbinsa. Sinadari ɗaya, soda ɗaya, abin da aka narka ta a ciki ne kawai ya raba su.

Tun daga nan nake tunanin kaina. Kai a kemistiri kake ƙaruwa. Ni shekara biyu ke nan ana cire mini wani abu kullum, barci, fara'a, kuma ba abin da ke shiga. Na gaji, Abban Ihsan. Na san kai ka zaɓa mini shi don mu riƙa hira iri ɗaya. Ina roƙon ka bar ni in koma sashen Hausa.

Taka har kullum,
Adawiyya

Zuwa ga Abban Ihsan,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin, murar ta sake ka?

Saƙonka ya iso, shafi uku. Na gode. Ka zana mini yadda ruwa ke rinjayar da abin zuwa musanya, da yadda itanol da zafi ke kai shi ga cirewa, har da jan biro. Na karanta sau biyu ina neman amsar roƙona, ban gani ba.

Na sake gwajin, na ɗauki kwalbar daidai, na ci. Ban ji komai ba. Da na fito sai na bi ƙawata Halimatu ajinsu na Hausa, na zauna a baya, har aka tashi ban yi hamma ba.

Gobe ma can zan zauna. Idan ka ce in koma ɗakin gwaji zan koma, amma ka faɗa mini da bakinka, ba da zane ba.

Ihsan tana gaishe ka.

Matarka,
Adawiyya