Ƙusar Shagonka a Tafin Ƙafata

Zuwa gare ka maigidana, inuwata a tsakar rana, ruwan sanyina bayan doguwar tafiya, fitilar da nake ganin hanya da ita. Allah ya jiƙan ka, ya sanyaya makwancinka, ya sa ka huta.

Na san babu mai kai maka wannan takarda. Rubutun nawa ma ka san iyakarsa, kai ne mai yi min dariya in na karkace layi. Amma tun da ka tafi magana ta taru min a ƙirji kamar hadarin da ya ƙi zubar da ruwa, kuma wa zan gaya wa in ba kai ba?

Ni ce fa mai ciwon suga, kai ne mai lafiya! Kowa a gidan nan, har ni kaina, ya ɗauka ni zan riga ka. Sai ga shi kai ne ka faɗi a bakin shagonka da takalmin wani a hannu, ba ka ko gama ɗinke shi ba. Haka ake yi, masoyina? Itacen da kowa ke jingina da shi ya faɗi, busasshen reshe ya saura?

Ka tuna ranar da likita ya ce ciwon ya fara kashe min jin ƙafa, ko ƙaya na taka ba lallai in sani ba? Ka yi ta jero masa tambayoyi har nas ta ce wai a cikinmu wane ne mara lafiyar. Da muka dawo ka zaunar da ni a bencin shago, ka zana ƙafata a kwali, ka ɗinka min takalmi mai faɗin baki, cikinsa laushi kamar kumatun jariri, ka mayar da ɗinkin ta waje don kada zare ya goge ni. Daga ranar ban ƙara sa takalmi ba sai ka fara zura hannunka a ciki ka shafa har ƙurya. Da yamma kuma ka ɗora ƙafafuna a cinyarka, ka buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ka tsane, ka shafa mai a diddige. In na ce kunya nake ji yara na kallo, sai ka ce ai duk cikin masu kawo maka aiki babu mai rigima kamar ƙafar nan tawa ta hagu. Shayinka ma ka daina sa masa sukari, kana sha kana yamutsa fuska, kana rantsuwa wai ya fi daɗi a haka.

Bayan ka tafi komai ya fita a raina. Na'urar gwajin suga ta yi ƙura a aljihun tebur. Ƙwayoyin in na tuna in sha, in ban tuna ba shi ke nan. Burodi da shayi mai zaƙi suka zama abincina, don su ne ba sa buƙatar a tsaya a gaban murhu. Autarmu ta yi faɗa ta gaji. Ni dai abin da na sani, in gari ya waye in buɗe shagonka in zauna a cikin ƙamshin fata da gam, ko zan ji kamar ka zagaya baya ne.

A can wata ƙaramar ƙusa ta faɗa min cikin takalmi. Ƙusarka, irin wadda kake riƙewa a leɓe in kana aiki. Na yini a kanta, na je kasuwa na dawo, ban ji komai ba. Auta ce ta ga jini a safata. Wayyo rabin raina, hannun da zai tsince ta yana ƙarƙashin ƙasa!

Raunin da ta ji min a gindin babban yatsa ya ƙi warkewa. Likita ya ce muddin sugan bai sauka ba, wanki da bandeji aikin banza ne, kuma in ya ci gaba a haka za a cire babban yatsan, wataƙila ma abin ya wuce nan. Wallahi a lokacin ko a jikina. Sai da muka fito Auta ta tsaya a bakin ƙofar asibiti, ta ce: "Mama, Baba ya tafi gaba ɗaya. Ke kuma guntu-guntu za ki riƙa bin sa ina kallo?"

Wannan maganar ta fi ƙusar shiga.

To ga abin da nake yi yanzu, sanyin idona. Kowace safiya ina miƙa wa Auta yatsa ta soka, ina runtse ido. Ina shan magani a kan lokaci. Ganye da wake sun cika rabin farantina, shinkafa ɗan tafin hannu. Lambar da na'urar ke nunawa ta fara saukowa a hankali, kamar ruwan kogi bayan damina. Nas ta ce in riƙa duba tafin ƙafata da madubi tunda ba na iya sunkuyawa, sai na ɗauko wanda ke jingine a ƙasan shagonka. Da na ɗaga lafiyayyar ƙafar na leƙa, sai na ga duk kaushi da tsagewa. Wannan ce kake riƙewa kamar ƙwai? Na yi kuka har madubin ya dushe.

Gobe za su kwance bandejin su yanke shawara. Ina tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Amma ko sun bar yatsan ko sun cire, ba zan ƙara sakaci da abin da ka sha wahalarsa ba, kuma ba zan yi gaggawar zuwa wurinka ba, ka yi haƙuri. Ka jira ni. Zan zo in lokacina ya yi, a hankali, da ƙafata.

Taka a duniya, taka a lahira in Allah ya yarda,
Matarka, uwar 'ya'yanka.